Shafa'atu Mai Hantsaki da Kunnen Ikhlas

A unguwarmu ta Ƙanƙara, idan uwa ta ce wa ɗanta za ta kai shi wurin Mai Hantsaki, ba tsorata shi take yi ba. Yara sun san wadda ake nufi, wato Malama Shafa'atu Gide, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin da ke bayan gidana, sun kuma san cewa a wurinta da wasa ake farawa kafin a kai ga aiki. Na san ta tun tana zama a kan tabarma a aji ɗaya, lokacin da nake koyarwa a makarantar firamare ta Tafoki, cikin ƙasar Faskari. Yanzu ni na yi ritaya, ita kuma furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Na ga ya dace a rubuta wani abu game da ita tun waɗanda suka ga farkonta suna raye.

Mahaifinta, marigayi Malam Gide, wanzami ne. A cikin zabirarsa, ban da aska da ƙaho, akwai matsefata, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake cire ƙaya da shi. A ƙauyen manoma kamar Tafoki matsefata ba ta hutawa, domin kullum akwai wanda ya taka ƙaya ko sartse ya shige masa ƙarƙashin farce. Malam Gide yana da wata hanya ta koyar da 'ya'yansa. Yakan zuba riɗi a faifai, ya gauraya shi da yashi, ya miƙa wa yaro matsefata ya ce ya tsince riɗin ƙwaya-ƙwaya, kada ya fasa ko ɗaya. Babban ɗansa, Jabiru, wanda shi ake sa ran zai gaji sana'ar, bai taɓa kaiwa rabin faifai ba. Da ya ji ana buga ƙwallo a waje sai ya tashi. Shafa'atu kuwa takan zauna a gindin rumbu har inuwa ta juya, ta tara riɗinta gefe guda, fari tas. Na taɓa jin uban yana cewa a ƙofar masallaci: "Jabiru zai gaji askata, wannan babu shakka. Amma hannun, Allah Ya ajiye shi a wurin ƙanwarsa."

A aji ba ta cikin masu saurin ɗaga hannu. Rubutunta a hankali take yin sa, kuma ban taɓa ganin ta goge abin da ta rubuta ba, saboda ba ta ɗora alƙalami sai ta san inda zai sauka. Da ta gama firamare ta wuce sakandaren 'yan mata, daga nan makarantar koyon aikin lafiya. Ranar da za ta tafi, uban ya ciro tsohuwar matsefatarsa ya ɗaure mata a gefen zane. Ta yi aiki a Faskari, ta yi aure a can, sa'an nan aka tura ta Damari, cikin ƙasar Sabuwa, inda ta daɗe har 'ya'yanta suka girma. Daga Damari aka dawo da ita Ƙanƙara, muka zama maƙwabta.

Wanda ya shiga ɗakin aikinta zai ga wani tire na ƙarfe an rufe shi da farin ƙyalle, a ƙarƙashi kuma hantsakai ne iri-iri a jere. Akwai mai haƙora, wanda take riƙe fata da shi idan za ta ɗinke rauni. Akwai mai santsin baki na ɗaukar auduga. Akwai wani dogo da ke tsaye cikin tulunsa shi kaɗai, aikinsa ɗauko 'yan'uwansa daga tukunyar da ake dafa su, don kada hannun mutum ya taɓa abin da aka riga aka tsarkake. Wanda ya jawo mata suna kuwa siriri ne mai dogon wuya, wanda idan ta motsa yatsunta can ƙarshensa kaɗai ke buɗewa, ɗan baki ƙanƙane da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Yara ke kiransa Bakin Kada. Da shi take shiga kunne da hanci. Ita matsefatar mahaifinta ba ta taɓa majiyyaci da ita. Tana cikin aljihun rigarta tare da ɗan ƙullin riɗi, kuma duk yaron da aka kawo yana kuka, ita ake fara ba shi ya gwada tsintar riɗi, Shafa'atu tana ba shi labari, har ya manta abin da ya kawo shi.

A Damari ta lura da wani abu da take kira kakar kunne. Da zarar an fara sussuka da shiƙa, yara suna birgima a masussuka, sai a fara kawo mata su da masara a hanci, da dawa ko wake a kunne. A can ta kafa wa kanta doka, ta kuma riƙe ta har yau: sau ɗaya take shiga kunnen yaro. Ta bayyana mini cewa a karon farko yaro yana yarda da kai. Idan ka kuskure ya ji zafi, to ya daina tsayawa, kunnen ya kumbura, abin kuma ya ƙara nisa. Saboda haka ba ta ɗaukar Bakin Kada sai ta tabbata za ta fito da abin da ta shiga nema. Idan ba ta tabbata ba, takan tura mutum babban asibiti, ko da zai tafi yana zaginta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a kakar da ta wuce. Wata safiya ina zaune a bencin barandar asibitin, ina jiran a auna mini jini, sai ga babur ya tsaya. Mai tuƙin wani magidanci ne daga Pauwa, Badamasi, a bayansa mahaifiyarsa Hajiya Alheri, a tsakiyarsu kuma 'yarsa Ikhlas, yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, ta dafe kunnenta na dama da hannu. Tsohuwar ce ta fara magana tun kafin ta gama saukowa.

"Likita, ki taimake mu. Waken suya ne ya shige mata kunne, tana wasa a masussuka."

Shafa'atu ta durƙusa a gaban yarinyar, ta yi mata murmushi ta ce, "Sannu, ƙawata. Yaya sunanki?"

Yarinyar ta bi bakinta da kallo, ba ta amsa ba.

"Ba ta jin ki," in ji Badamasi. "Na hagun ya mutu tun tana goye, lokacin da ta yi ƙyanda. Da wannan ɗayan take ji, shi ne kuma ya toshe."

Na ga murmushin Shafa'atu ya ragu. Ta shigar da su ɗaki, ƙofar a buɗe, ta ɗaura fitilarta a goshi, ta ja kunnen a hankali ta leƙa. Ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago, sai ta juya ga tsohuwar.

"Hajiya, an sa mata tsinke?"

"Wallahi ko gashin kaza ban bari an sa ba."

"Jini ya fito, ko ruwa mai wari?"

"Babu."

"To me aka zuba?"

Hajiya Alheri ta gyara mayafinta. "Ruwan ɗumi ne kawai, 'yar nan. Ai haka muke yi idan ƙwaro ya shiga, a zuba ruwa ya taso. Na ce shi ma waken ya taso. Da bai taso ba na ƙara. Shekaranjiya da jiya duk ina zubawa."

"Hajiya, idan za ki yi ƙosai, me kike fara yi wa wake?"

"In jiƙa shi mana." Tana faɗa sai ta kai hannu baki. "Innalillahi. Ya kumbura."

"Ya kumbura ya cika ramin, ko gefen da zan sa bakin ƙarfe babu. Bayansa kuma dodon kunne ne. In na tura shi ko kaɗan, can zai tafi."

Sai ta gaya musu abin da za ta yi. Za ta riƙa ɗiga sifirit, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin a yi allura, a kunnen lokaci-lokaci, domin ya tsotse ruwan da waken ya sha, ya motse, fatarsa ta yi tamoji yadda hantsaki zai sami abin kamawa. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai washegari da safe. Idan ta duba da safen ta ga bai motse ba, ba za ta taɓa shi ba, sai su wuce babban asibiti a Katsina, inda za a sa yarinyar barci a cire. Ta ɗiga na farko nan take. Ikhlas ta yi ƙara, ta ƙanƙame kakarta.

Badamasi bai ji daɗin wannan bayani ba, kuma yana da dalilansa. Matarsa tana gida da ɗanyen jego, wakensa yana zube a masussuka, hanyar Pauwa kuma ba a son bin ta bayan La'asar a 'yan shekarun nan.

"Haba Likita," ya ce. "Bara a gabana kika cire wa ɗan maƙwabcina dutse, kafin in gama gaisawa da mai gadi har kin gama. Ga ƙarfen nan a tire ina ganin shi. Ki sa ki jawo mana shi mu tafi."

"Ɗan maƙwabcinka kunne biyu gare shi, Malam Badamasi, kuma ba wanda ya jiƙa mashi dutsen."

"Ki gwada dai. In bai fito ba, sai a bari sai goben."

"In na gwada yau bai fito ba, babu sauran gobe. Ɗiyarka ce, kai ke da iko da ita. Amma ni hannuna ba zai shiga kunnen nan yau ba."

Ya tsaya yana huci. Sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki yarinyar, ya aza ta a babur, ya ce akwai masu wannan aiki a kasuwa da ba su san jira ba. Uwarsa tana kiran sunansa, bai waiwayo ba.

Hajiya Alheri ta zauna kusa da ni a benci tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa ita ta kurumtar da jikarta da hannunta. Shafa'atu ta kawo mata ruwa ta ce, "Hajiya, da tsinke kika sa, da yanzu wata magana muke yi. Ruwa kika zuba don kina son ta. Sha, ki yi mata addu'a." Ta koma ta ci gaba da ganin sauran mutane. Ta wanke wa wani makiyayi rauni, ta yi wa wata mai ciki awo, hannunta bai canza ba. Amma na lura duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Ni dai ta manta da ni ɗungum, ni kuma ban tuna mata ba.

Abin da ya faru a kasuwa, daga bakin Jabiru na ji shi daga baya. Shi ma ya baro Tafoki shekarun baya, ya kafa tabarmarsa ta wanzanci a gindin wata bishiya a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma wurinsa aka nuna wa Badamasi, wanda bai san dangantakar da ke tsakani ba. Jabiru ya ce ya leƙa kunnen, ya ji warin sifirit, sai ya tambaya wa ya riga shi dubawa.

"Wata mata ce a asibiti," in ji Badamasi. "Wai sai gobe."

"Mai Hantsaki?"

"Ita."

Jabiru ya mayar da abin da ya ɗauko cikin zabira, ya ɗaure bakinta. "Bawan Allah, uwa ɗaya uba ɗaya muke da matar nan. Tun muna yara ita ke tsince riɗi, ni ina shure faifan. Ita ta ce gobe, ni zan ce yau? In na sa ƙarfe a kunnen nan, ko uwarmu da ke kabari sai ta ji labari. Zauna dai in yi maka aski, na ga kanka ya fi kunnenta buƙatata. In ka huce ka mayar mata da ita."

Bayan Azahar babur ya dawo. Badamasi ya sauko da sabon aski yana ƙyalli, hularsa a hannu, ya ajiye yarinyar a gaban Shafa'atu. Ita kuwa ba ta tambaye shi inda ya je ba. Ta duba kunnen, ta ga ba a taɓa shi ba, ta dubi kan nasa, ta ce, "Yaya Jabiru ya gyara maka ƙeya da kyau." Hajiya Alheri ta fashe da dariya cikin hawaye. Shafa'atu ta roƙe ni in ba su masauki tunda gidana ne mafi kusa, na ce ko ba ta roƙa ba.

Saura matsala guda, kuma ita ce babba. Duk hikimar Shafa'atu ta tsayar da yaro a baki take: labari, da zolaya, da "kada ki motsa, saura kaɗan." Ikhlas kuwa ba ta jin komai, ga shi an riga an ɗiga mata abu mai zafi, an kuma yi ta yawo da ita a rana. Da ta ga farar riga sai ta ɓuya bayan kakarta. Ana iya naɗe yaro cikin zane manya su danne shi, Shafa'atu ma takan yi haka idan larura ta kama. Amma ta ce yaron da aka danne yakan fizge kai daidai lokacin da ba a so, kuma a kunnen da babu na biyunsa ba za ta dogara da ƙarfin wani ba.

Da mutane suka ragu, sai ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta cire farar rigar ta rataye, ta zauna a ƙasa. Ta kwance ƙullin riɗi a faifai, ta ciro matsefatar mahaifinta, ta shiga tsinta ita kaɗai kamar ba ta san da kowa ba. Ba a jima ba yarinyar ta leƙo. Can ta matso. Shafa'atu ta ajiye matsefatar a tsakaninsu ta kau da kai, Ikhlas ta ɗauka. Riɗi ya yi ta tsalle yana gudu, har ta kama ƙwaya ɗaya, ta ɗaga ta sama tana nuna wa kakarta.

Daga nan Shafa'atu ta kawo wata 'yar kwalbar allura da ta ƙare, da jiƙaƙƙen wake da ta aika aka karɓo daga wurin mai ƙosai. Ta cusa ƙwaya ɗaya a wuyan kwalbar ta tsaya cak. Ta nuna kwalbar, ta nuna kunnen Ikhlas. Ta ba Hajiya Alheri kwalbar ta riƙe, ta ce mata ta girgiza hannu idan ƙarfe ya matso. Tsohuwar ta girgiza, matsefata ta taɓa waken, ya faɗa ciki. Shafa'atu ta juya kwalbar, ta bubbuga, ta nuna wa yarinyar cewa ya tafi ke nan, ta yi fuskar baƙin ciki. Ta sake cusa wani, wannan karon ta ba Ikhlas ta riƙe. Yarinyar ta riƙe da hannu biyu, ta daina ko numfashi. Waken ya fito.

Sai suka yi musanya. Shafa'atu ta riƙe kwalbar, Ikhlas ta riƙe matsefata. Duk lokacin da yarinyar ta kusa kamawa, sai Shafa'atu ta ɗan motsa hannu da gangan, waken ya faɗa ciki. Ta yi mata haka, ta sake yi. A na gaba Ikhlas ta ajiye matsefatar, ta kai wa hannun Shafa'atu duka, ta ce da babbar murya irin ta wanda ba ya jin kansa: "Ki tsaya mana! In kina motsi ai ciki zai faɗa!"

Hajiya Alheri ta ce, "Ke, Likitar kike duka? Marar kunya!"

"Ƙyale ta, Hajiya," in ji Shafa'atu. "Abin da nake jira ke nan tun ɗazu." Ta nuna kunnen yarinyar, ta nuna kwalbar, ta ɗaga gira. Ikhlas ta dube ta na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai. Da aka zo ɗiga sifirit na gaba, da kanta ta kwantar da kai, ta runtse ido.

Washegari da sassafe muka rako su, ni da mai ɗakina. Shafa'atu ta riga mu isa, ta dafa kayanta, tiren yana rufe. Ta ɗaura fitila ta leƙa kunnen. Ta ce waken ya motse, fatarsa ta tattare, an sami 'yar kafa ta sama. Ta dubi Badamasi ta maimaita masa sharaɗinta, cewa sau ɗaya za ta shiga, in bai fito ba sai Katsina. Ya ce ya ji, ya kuma yarda. Ya matso zai riƙe kan 'yarsa, ta ce ya koma bakin ƙofa wurinmu. Ta kwantar da Ikhlas a kan gado ta gefen hagu, ta sa mata 'yar kwalbar nan a hannu, ta nuna mata Bakin Kada, ta buɗe bakinsa ta rufe a gaban idonta. Yarinyar ta damƙe kwalbar.

Shafa'atu ta yi bisimilla. Ta ja kunnen sama da hannun hagu, ta jingina gefen hannun dama a kumatun yarinyar, yadda ko da kan ya motsa hannun zai bi shi. Wuyan hantsakin ya shiga a hankali har ya ɓace. Daga inda nake tsaye ba na ganin komai sai yatsunta biyu, kuma na daɗe ban ga sun motsa ba. Can suka haɗu kaɗan. Ta fara janyowa, ja irin wanda sai mutum ya ƙura ido zai san ana yin sa. Sai ta tsaya.

"Fatar tana yagewa," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Kowa ya yi shiru."

Ba ta fito da ƙarfen ba, ba ta kuma ƙara ja ba. Hawaye ya gangaro daga idon Ikhlas ya bi ta kan hancinta ya ɗiga a gado. Yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, amma kanta bai gusa ba. Hajiya Alheri ta juya fuska bango tana motsa baki. Shafa'atu ta ɗan saki, ta juya wuyan hantsakin kaɗan, ta sake kamawa a wani wuri, ta ci gaba da ja. Wani abu fari ya bayyana a bakin ramin. Nan fatar ta ƙarasa yagewa, hantsakin ya fito da ɓawo kaɗai. Badamasi ya ce, "Wayyo Allah." Amma waken ya riga ya iso waje. Ta ajiye ƙarfen, ta tallabi kan yarinyar ta juya shi ƙasa, ta ɗan matsa bayan kunnen da yatsa, sai ga shi ya faɗo cikin tasa.

Sai dai fitowar wake ba ita ce tambayar ba, tambayar ita ce ko kunnen yana ji. Shafa'atu ta goge kunnen, ta leƙa da fitila, ta ce ramin ya yi ja amma dodon kunnen lafiya yake a ido. Ta zaunar da yarinyar tana fuskantar bango, ta koma bayanta, ta ɗauki hantsakin ta ɗan taɓa gefen tasa da shi. Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar allura ba. Ikhlas ta waiwayo.

Hajiya Alheri ba ta iya jira ba. Ta ruga ta kafa baki a kunnen ta ƙwala: "Ikhlas! Kina ji na?"

Yarinyar ta toshe kunnen da hannu, ta ɓata fuska. "Kaka, ihun me kike yi? Ai ba a gona muke ba."

"Ji 'yar banza! Kwana nawa ina magana kina share ni, yau kin sami bakin rashin kunya?"

Badamasi ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa. Da ya tashi ya fara neman kalmar da zai ba da haƙuri, Shafa'atu ta katse shi da bayanin maganin da za a riƙa ɗigawa, ta ce kada ruwa ya shiga kunnen har ya warke, ta dubi tsohuwar ta ƙara da cewa, "Ko na ɗumi." Sa'an nan ta jefa Bakin Kada cikin tukunya, ta wanke hannu, ta juyo ta gan ni.

"Af! Malam, ai jiya ba mu auna jininka ba."

Ta auna, ta ce ya hau. Na ce mata na san dalili, ta bari sai wani makon.

Ikhlas ta koma Pauwa da 'yar kwalbar a hannu. Ta nemi a ba ta matsefatar ma, Shafa'atu ta ce wannan ta gado ce, amma duk ranar da ta zo gari faifai yana jiran ta. Badamasi yakan biyo ta gidana ranar kasuwa mu gaisa. Ya ce yarinyar ta koma Islamiyya, tana zama a sahun gaba, kunnen dama yana fuskantar malama, kuma ba abin da ke wuce ta. Ya ce Hajiya Alheri kuwa ta zama mai gadin kunnuwan Pauwa: duk gidan da ta ji an ce wani abu ya shige wa yaro, tana isa kafin a ɗora ruwa a wuta, ta hana, ta ba da labarin jikarta daga farko har ƙarshe. Sai dai, in ji shi, a nata labarin sau ɗaya tak ta zuba ruwan, kuma ɗan kaɗan ne.